Dubu Saba'in ɗin Iya

Gidanmu a Daura ba ya ɓace wa baƙo. In mutum ya wuce Kusugu ya tambaya, sai a ce masa ya bi warin daddawa, inda ya fi ƙarfi nan ne. Kakarmu ce ke yin ta, mahaifiyar Baba, wadda duk unguwa ke kira Iya Mai Daddawa, mu kuwa Iya kawai muke cewa. A firamare yara kan toshe hanci in na zauna kusa da su, in dawo gida ina kumbure-kumbure, ita kuwa ta kalle ni ta ce, “To ki gaya musu su daina shan miya mana.” Yau da zan sami mai sayar da warin nan a kwalba, wallahi da na saya.

Kalwa ba ta dahuwa da gaggawa. Tun da hantsi ake ɗora ta a babbar tukunyar ƙasa, a yi ta iza wuta ana ƙara ruwa har a yi isha'i ba ta gama laushi ba. Ranar dahuwar kalwa Iya ba ta matsawa daga bakin murhu, mu ma ba ma matsawa daga jikinta. Mu bakwai ne jikokinta a gidan, biyar 'ya'yan Baba, biyu na ƙaninsa da ya rasu. Da mun ci tuwo sai kowa ya jawo abin zamansa, wani turmi a kife, wani guntun tabarma, a kewaye wutar. Yaya Sani, babbanmu, shi ke iza itace. Ni ke zama a gefen ƙafarta, don ni aka sa wa sunanta. Takwara take ce mini, Baba kuma da ba ya iya kama sunan mahaifiyarsa sai ya ce Ummi.

Baba shi ne ɗanta na fari, kuma Iya mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta same ta a ƙauyensu can wajen Dutsi. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya fuska ga bango ta amsa a taƙaice. In tana son wani abu daga gare shi, ɗayanmu take aika, ta ce, “Je ki ce wa mutumin zaure gishiri ya ƙare.” Mu dariya abin ke ba mu. Ba mu san cewa akwai saƙon da ba ya aikuwa ta bakin yaro ba.

Lokacin da kakanmu ya rasu ina ƙarama, amma na tuna taron da aka yi masa. Malamai da maƙwabta suka cika zaure da ƙofar gida, mata suka cika tsakar gida, aka yi masa hailala dubu saba'in. Haka aka saba a gidaje irin namu: a taru a yi ta faɗin La'ilaha illallahu har ta kai wannan adadi, a roƙi Allah Ya sa ta zama fansar mamaci daga wuta. Da carbi mai ɗari ake ja, duk wanda ya kai ƙarshen carbinsa sai ya jefa ƙwayar kalwa ɗaya a ƙwarya. In kalwa ɗari bakwai ta cika, an gama. Iya ce ta ba da kalwar, bayan an watse kuma ta ƙi dafa ta. Ta ƙulle ta a wani tsumma ta sa a ƙasan kwallarta, kowa kuma ya san wa take ajiye wa.

Sai shekarun nan suka zo da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Gari ya cika da wa'azi, a kaset, a rediyo, a lasifikar masallatai. Baba ya shiga karatu da gaske. Yakan dawo daga kasuwar dabbobi ya yi wanka ya ɗauki littattafansa ya tafi wajen wani malami, ya kuma fara auna duk abin da aka gada da abin da ya karanta. Ba mai zafin kai ba ne, ban taɓa jin ya kafirta kowa ba. Amma in ya gamsu da magana, ya gamsu ke nan. Da wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu, Baba ya je jana'iza, ya zauna ta'aziyya, da aka ɗauko carbi da ƙwarya sai ya tashi ya dawo gida. A tsakar gida ya tsaya yana gaya wa Innarmu dalili. Ya ce ya bincika bai ga wa wannan adadi tushe mai ƙarfi ba, addu'a da sadaka su ne abin da ya tabbata suna isa ga mamaci, kuma shi ba zai ƙara tara mutane a gidan nan don wannan ba, ko don waye.

Iya na gefe tana sheƙar kalwa a faifai. Hannunta ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. Ni a lokacin ban gane komai ba, sai daga baya na san abin da ya faɗo mata a ranar. Tsohuwa ce da ta yi imani har zuciyarta cewa dubu saba'in ɗin nan guzurinta ne, tana tsoron ta kwanta a kabari babu shi. Mutum ɗaya ne tak zai iya tara mata jama'a, shi ne kuma mutumin da ba za ta iya buɗe baki ta roƙa ba.

A dahuwar kalwa ta gaba ne ta zo mana da sabuwar tatsuniya. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, “Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa.” Mu ce, “A ce ta shigo.” Ta ce, “Ta ce ba ta zama inda ake surutu.” Sai wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai tafasar tukunya.

Wata tsohuwa ce, in ji Iya, ta kama hanyar garin da iyayenta da mijinta suka riga ta tafiya. Ta yi ta tafiya har ta iso bakin wani kogi mai faɗi, ba a hango ɗaya gaɓar. Mu da ba mu taɓa ganin ruwan da ya wuce na kududdufi ba, nan take muka buɗe baki. A bayanta kuma gobarar daji ce ke tahowa tana cin ciyawa. A bakin kogin akwai mai fito da kwalekwalensa, dogon mutum, ba ya fara'a ba ya faɗa. Tsohuwa ta ce ya ƙetarar da ita. Ya nuna mata yashin gaɓa ya ce akwai riɗi dubu saba'in a warwatse a ciki, sai an tsince shi ƙwaya-ƙwaya an zuba masa a jirgi. Ita ba ta da ikon sunkuyawa ta tsinci ko ɗaya, lokacin tsintarta ya wuce, sai dai waɗanda ta baro a baya su tsintar mata. Ya ƙara da sharaɗi: duk waɗanda za su tsinta, sai kowa ya kawo daidai da na ɗan'uwansa, kada wani ya fi wani ko da ƙwaya.

To ashe ɗanta ya biyo ta a baya. Nan muka tambaya, “Iya, yaya sunansa?”

“Ba shi da suna.”

“Kai Iya, akwai mutumin da ba shi da suna?”

“Ke takwara, tatsuniyarki ce ko tawa? Na ce ba shi da suna. Iza wutar nan, Sani.”

Ɗan ya durƙusa ya fara tsinta shi kaɗai. Rana ta take, tafin hannunsa bai cika ba, ga hayaƙi ya fara isowa. Ya zauna yana kuka. Sai wata tururuwa ta tsaya a kan yatsansa. A nan Iya ta ƙanƙance murya irin ta tururuwa ta ce, “Kai ɗan tsohuwa, wa ya ce maka wannan aikin mutum ɗaya ne? Lambar nan mai dangi ce, ba ta son kaɗaici. Kirawo mutum ɗaya ka ga yadda za ta buɗe maka.” Ya ruga ya kirawo ƙanwarsa, sai ga shi kowa dubu talatin da biyar. Da sauran nauyi. Ya koma gari ya tsaya a ƙofar gidansu ya ɗaga murya. Matar da tsohuwa ta taɓa ara wa rariya ta fito. Mutumin da ta karɓi haihuwar matarsa ya fito. Yaran da ta saba ba ƙanzo, yanzu sun zama magidanta, suka fito da 'ya'yansu. Suka zama goma, kowa dubu bakwai. Suka zama saba'in, kowa dubu ɗaya. Da suka kai ɗari bakwai, kowa ɗari kacal ya tsinta ya miƙe yana kaɗe gwiwa, wuta ba ta ko kai ga itatuwan gaɓa ba. Tsohuwa ta shiga jirgi. Ba ta waiwayi ɗan nata ba, don ɗan fari ne, amma mai fito ya ba da labari daga baya cewa har suka kai tsakiyar ruwa murmushi take yi.

“Baƙuwa ta tashi, ta bi hayaƙi ta fita,” in ji Iya. “Kowa ya je ya kwanta.”

Ba wanda ya tashi. Mu abin da ya kama mu shi ne lambar da ke buɗewa. Daga ranar tatsuniyar ta zama wasa. In ta zo wurin kiran mutane sai mu yi ta jefa mata adadi. “Iya, in su biyar ne fa?” Ta ce dubu goma sha huɗu. “In ashirin ne?” Ta ɗan lumshe ido, leɓenta na motsi, ta ce dubu uku da ɗari biyar. Iya ba ta taɓa riƙe alli ba, da kason daddawa da kason kalwa ta koyi rabo, kuma wani lokacin takan yi kuskure Yaya Sani ya kama ta, ta ce hayaƙi ne ya shiga mata kai. A wajenta lambobi mutane ne, kowace da halinta. Akwai mai dangi, wadda ko su nawa suka zo za ta san yadda ta yi kowa ya samu. Akwai mai ɗan dama-dama. Akwai kuma gwauruwa, wadda ba ta yarda a raba ta daidai, irin su bakwai da sha ɗaya da sha uku. Takan ce gwauruwa ba muguwa ba ce, amma ba a son a gamu da ita ranar wahala.

Wata rana Yaya Sani, da ya fara jin kansa babba, ya ce, “To in mutumin banza ne ya zo bakin kogin fa? Shi ma haka za a taru a tsintar masa?” Iya ta ce ai an yi haka. Wani marowaci ya zo, wanda ko garwashi ba a ɗiba a gidansa. Mai fito ya dube shi, ya sa hannu a aljihu ya ɗauko riɗi ƙwaya ɗaya ya jefa cikin yashin. Shi ke nan, ta zama dubu saba'in da ɗaya. 'Ya'yansa suka zo su biyu, ta ƙi rabuwa. Suka zo su biyar, ta ƙi. Su bakwai, su goma, ta ƙi. Ko dai mutum ɗaya ya tsince ta duka, ko a samo mutum dubu saba'in da ɗaya, shi kuwa ko mutum goma ba su san shi da alheri ba. “Yana can har yanzu a tsaye,” in ji ta, “gemunsa ya fara ƙauri.” Muka yi ta dariya har ƙaramarmu ta faɗo daga kan turmi.

Na lura in Iya na wannan tatsuniya muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, musamman wurin da ɗan ya tsaya a ƙofar gida ya kira mutane. Ɗakin Baba kuwa danga ce kawai ta raba shi da murhun. Bayan ta rufe, takan bi mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa. “Ku bakwai. Allah Ya yi muku daidai. Kowa dubu goma, ba mai cutar wani.” Ranar nan Yaya Sani ya ce, “Iya, Baba fa ya ce babu wannan a littafi.” Ta ɗauki muciya ta juya kalwa, ta daɗe tana juyawa, sannan ta ce, “Ni tatsuniya nake yi, yaro. Riɗi ne, ba ka ji ba?”

Haka muka girma, tana faɗa muna amsawa, har muka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Yaya Sani ya tafi Kano ya buɗe shago. Yayata aka kai ta Damagaram, wata aka kai ta can kudu inda mijinta ke aiki. Maza biyu suka bi motocin shanu, sai su yi watanni ba a gan su ba. Gwiwoyin Iya suka ƙi, ta bar daddawa, aka kife babbar tukunyar a bayan rumbu. Ni na tafi kwalejin horon malamai, kuma ba abin mamaki ba ne da na zaɓi lissafi.

A can na tarar littattafai ma haka suke kasa lambobi, sunaye ne kawai suka bambanta. Gwauruwar Iya tana nan da babinta guda, lambar da ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Na zauna da dubu saba'in na warware ta har ƙasa. Bakwai ce aka ninka da goma sau huɗu, kowace goma kuma biyu ce da biyar, saboda haka ba komai a cikinta sai biyu guda huɗu, biyar guda huɗu, da bakwai ɗaya. Lambobi hamsin ne ke raba ta ba saura. In ka tara su duka, ban da ita kanta, sun zarce ta nesa, irin waɗanda masana ke kira lambobi masu yalwa. Sai na ce bari in gwada ta marowacin. Na yi ta gwada ta da gwauraye ɗaya bayan ɗaya, na cika takardu, ba wadda ta shiga. Dubu saba'in da ɗaya gwauruwa ce ta gaske.

Da na zo hutu na durƙusa gabanta ina ɗoki na gaya mata. Ta ce, “To da ƙarya zan yi miki?” Can kuma ta yi dariya ta ce ita fa ba ta sani ba, gani kawai ta yi ta ƙi biyu ta ƙi biyar ta ƙi bakwai, ta ce wannan ba ta da mutunci. Sannan ta rage murya ta ce, “Tawa fa, me suka ce a kanta?” Na ce sun ce mai yalwa ce, hanya hamsin take rabuwa. Ta gyaɗa kai, ta ji daɗi ƙwarai. Ta leƙa tsakar gida, ba kowa sai kaji da Innarmu na tankaɗe. Ta ce, “Hanya hamsin. To Allah Ya kawo masu bin hanyar.”

Ta rasu da damina, ina shekarar ƙarshe a kwaleji. Baba ya yi mata duk abin da ɗa ke yi wa uwa. Shi ya shiga kabarin ya karɓe ta, ya ciyar, ya yi sadaka da sa guda, na kuma sha jin sa yana mata addu'a. Amma bai tara kowa don hailala ba. Goggo Hassu, ƙanwarsa da ke aure a Sandamu, ta tare shi da maganar. Ya ce, “Hassu, ban hana kowa ambaton Allah ba. Ni dai ba zan kira mutane ga abin da ban gamsu da shi ba.” Ta fito tana share ido da bakin mayafi.

Na bi 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya. Yaya Sani ya ce, “Ummi, kin san inda na tsaya, kada ki sa ni in ji kunyarki.” Ta Damagaram tana jego ba ta zo ba. Ta kudu ta kwana biyu ta juya. Mazan suka ce za su riƙa yi a hanya, na san kuma ba za su ƙirga ba. Ƙaramarmu ta fara ja tare da ni da Goggo da Innarmu, jarrabawa ta kira ta makaranta tun ba ta cika carbi biyu ba, Goggo ta ce a sake daga farko. Bakwai ɗin da Iya ta yi shekaru tana ƙirgawa da yatsa, ni kaɗai na rage. Raina ya ɓaci da su a lokacin. Yanzu na san kowa da abin da ya ja shi.

Muka zauna mu uku a ɗakinta, ni da Goggo Hassu da Innarmu, wadda ta ce ta ci daddawar matar nan kyauta shekara da shekaru, ba za ta zauna tana kallo ba. Goggo ta buɗe kwalla ta ciro ƙullin. Kalwar ta ƙara baƙi, ta yi sheƙi, ba ko ɗaya da ƙwaro ya taɓa. Muka kasa ta uku a kan tabarma, kowa ɗari biyu da talatin da uku, ƙwaya ɗaya ta yi saura a tsakiya. Na san a takarda cewa uku ba ta cikin lambobi hamsin ɗin nan. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin zai zo ya same mu a kan tabarmar Iya ba.

Aikin da jama'a ke gamawa kafin la'asar, mu ya ci mana kwanakin zaman makoki har ya ɗora. Mukan ja tsakanin girki da karɓar masu gaisuwa, leɓe ya bushe, yatsa ya yi kanta. Duk ƙwayar da na jefa a ƙwarya sai in ji kamar na ɗauke mata wani abu daga ka. Ranar da muka gama kasonmu, bayan sallar la'asar ne, muka dawo kan ƙwayar nan ta tsakiya. Ɗari ce. Muka raba, kowa talatin da uku. Muka ja muka gama. Saura ɗaya.

Numfashi ɗaya ne, kowace a cikinmu za ta iya faɗa a wuce wurin. Innarmu har ta buɗe baki, Goggo ta dafa mata gwiwa.

“Tsaya, Yaya. Matar nan ta haifi ɗa.” Ta juyo gare ni. “Tashi, ke ce mai sunanta. Je ki same shi.”

Na tarar da Baba a zaure shi kaɗai, masu gaisuwa sun ragu, yana zaune a kan buzu ya jingina da bango. Na durƙusa daga gefe. Na ce, “Baba, mun yi wa Iya, mu uku. Ta ƙi rabuwa. Ɗarin ƙarshe mun yi talatin da uku-uku, saura ɗaya.”

Ya ɗago daga bangon ya dube ni. Sannan ya ce, “Ummi, kin san matsayina.”

“Na sani, Baba.”

“Ban canza ba.”

“Ban zo don ka canza ba.”

Ya dubi hannuwansa. Ya ce, “Ta taɓa ce miki in yi mata?”

Na ce a'a, ba ta taɓa ba, tatsuniya kawai take yi mana.

“Na ji ta,” in ji shi. “Duk ranar da ta yi ta ina ji. Yaron da ba shi da suna.” Ya sunkuyar da kai. “Na yi ta jira ta kira ni ta faɗa mini da bakinta, in zauna in yi mata bayani, ko ita ta yi mini. Sau ɗaya ma. Ba ta kira ba, ni kuma na kasa zuwa.”

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Ya share da hannun riga ya ce, “Talatin da uku sau uku. Ai ko bayan salla ba a barin ta a casa'in da tara, da ita ake cikawa.” Ya gyara zama ya fuskanci gabas, ya faɗe ta a hankali, La'ilaha illallahu, kamar mai miƙa wa wani abu a hannu. Na tashi na koma ciki. Goggo ta dubi fuskata, ta ɗauki ƙwayar ta jefa a ƙwarya.

Har yau Baba bai canza ra'ayinsa ba, ni ma ban ƙara tayar masa da maganar ba. Ko dubu saba'in ɗin ta isa inda Iya ta yi fata, wannan sanin na Allah ne, ni malamar lissafi ce kawai. Ina koyar da yara rabawa, ina ganin yadda suke murna in lissafi ya fita daidai, suna ɓata fuska in ya bar saura, kamar an ba su aikin da bai ƙare ba. Da ni ma haka nake, Iya ma haka take, duk yabon da ta yi wa lambarta don tana rabuwa ne. Ina kewarta ƙwarai, kuma abin da na fi so in gaya mata shi ne, a hanyoyi hamsin ɗin nan da ta yi alfahari da su ba ta inda ɗanta ya shigo. Da ta rabu mana daidai a ranar, da mun gama mun naɗe tabarma mun tashi, shi yana zaure, ba wanda ya je ya kira shi.